Lambun cikin ɗaki: Yadda fitilar rainon shuka ke dafa ganye idan babu iska

Masu sayar da kaya a intanet sun cika kasuwa da wata irin fitila mai haske ja da shuɗi, wata kuma fari ƙal, wadda suke tallatawa da cewa za ta maye gurbin rana. Da ita, in ji tallan, mutum zai noma latas da na'a-na'a, ko ya raini irin tumatir a kan kanta a cikin ɗakinsa, ko da kuwa a hawa na uku na gidan haya yake zaune.

Maganar tana da ƙanshin gaskiya. Shuka ba ta damu da inda haske ya fito ba, matuƙar ya ishe ta. A Japan an shafe shekaru ana noman latas a rufaffun gine-gine da ba su da taga ko ɗaya. A Dubai, gonar Bustanica da aka buɗe a watan Yulin 2022 kusa da filin jirgin sama na Al Maktoum an gina ta ne don ta riƙa fitar da ganye sama da kilo miliyan ɗaya a shekara, duk a ƙarƙashin fitila.

Abin da tallan ba ya faɗa shi ne zafi. Mai saye zai kunna fitila, ya ja ƙofa, bayan mako biyu ya tarar bakin ganye ya ƙone, dashen ya yi dogon wuya ya kwanta. Sai ya zargi iri, ko taki, ko ya ce an sayar masa da jabun fitila. Sau da yawa iri lafiya lau yake, fitilar ma tana aikinta. Zafin da take fitarwa ne bai samu hanyar fita ba.

Akwai kuma wani abin lura. Yawancin bayanan da ke yawo a intanet kan wannan harka mutanen Turai da Amurka da Kanada ne suka rubuta su, inda ɗumin fitila alheri ne a lokacin sanyi. Wani kaso mai yawa ma na masu noman tabar wiwi ne a wuraren da dokarsu ta halatta, shi ya sa ake ganin manyan fitilu da matatun kashe wari waɗanda mai noman latas ba ya buƙata. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, idan ya kwafi shawarar mutumin Toronto kai tsaye, asara zai tafka.

Kowane wat zafi yake komawa

Akwai wata magana da ta yaɗu cewa fitilar LED ba ta zafi. Tushenta shi ne idan ka kai hannu gabanta ba ka jin ƙuna irin na tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, wanda kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake mayar da ita.

Gaskiya ne LED ta fi iya tattali. Tun da masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da LED mai shuɗin haske, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, fitilu suka canja baki ɗaya. Mai kyau daga cikinsu kan mayar da kusan rabin wutar da take sha, ko fiye, ta zama haske. Sauran yana fita ne ta bayanta, ta jikin farantin alminiyam ɗin da aka maƙala mata.

To shi hasken fa, ina yake zuwa? Yana sauka a kan ganye da ƙasa da bango, a nan shi ma ya koma zafi. Abin da shuka ke adanawa a jikinta a matsayin abinci ɗan kaɗan ne, bai kai a sa shi a lissafi ba. Saboda haka a rufaffen wuri, fitila mai shan wat 200 daidai take da hita mai wat 200.

Don a gane girman abin, babban mutum da ke zaune ba ya aikin komai yana fitar da ɗumin da ya kai kusan wat 100. Fitila mai wat 200 a cikin kabad tamkar an kulle ƙarti biyu ne a ciki na tsawon awa 14 kullum.

Ɗauki irin tantin da ake sayarwa tare da fitilun, mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita biyu. Iskar da ke cikinsa kubik mita biyu ce kacal. A lissafi, da a ce babu inda zafi ke zurarewa, wat 200 zai ɗaga zafin wannan iskar da digiri ɗaya duk bayan daƙiƙa 12. A zahiri jikin tantin da ƙasar tukwane suna shanye wani abu, amma wannan ya isa ya nuna cewa ba a ɗaukar dogon lokaci kafin wuri ya zama tanda.

Kafin kowane lissafi, sai an san ainihin wutar da fitilar ke sha. Da yawa daga cikin masu arha an rubuta musu “1000W” ɓaro-ɓaro a kwali, alhali abin da suke ja daga soket bai wuce wat 100 zuwa 150 ba. A duba ƙaramin rubutun da ke bayan kwali ko jikin akwatin wutarta. Mai mitar kati yana iya ganewa da kansa: ya kashe komai a gidan, ya kunna fitilar ita kaɗai na awa biyu, ya ga yunit nawa ya tafi.

Abin da zafi ke yi wa ganye

A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan shuka ke shaƙar iskar kabon da take haɗa abinci da ita, ta nan kuma take fitar da tururin ruwa don ta sanyaya jikinta, kamar yadda gumi ke yi wa mutum. Idan zafi ya yi yawa har saiwa ta kasa kawo ruwa daidai da abin da ke fita, shuka sai ta rufe ƙofofin. Daga nan abinci ya tsaya, sanyaya jiki ma ya tsaya, fitila kuwa tana ci gaba da cin yunit a banza.

Kowace shuka da iyakarta. Latas ɗan sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 22. Idan wuri ya daɗe yana haura 27, sai ya miƙe ya fitar da kara ya nemi yin fure, ganyen ya yi ɗaci. Irinsa ma kan ƙi tsirowa idan zafin ƙasa ya kai wajen 30.

Tumatir ya fi shi juriya, amma shi ma idan zafin yini ya wuce 32, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin furensa yana lalacewa, furen ya kaɗe bai ɗaura 'ya'ya ba. Manoman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam ba sa buƙatar a gaya musu wannan. Shi ya sa tumatir ke arha a lokacin ɗari, ya yi tsada idan bazara ta kankama.

Alayyafo da lalo da rama kuwa 'yan gida ne, zafin da zai kwantar da latas su ko a jikinsu.

Alamomin farko suna bayyana ne a ganyen da ya fi kusa da fitila. Gefensa ya naɗe sama kamar kwale-kwale, launinsa ya koɗe ya koma fari-fari, ƙasar tukunya ta riƙa bushewa da wuri. Idan ganyen ƙasa ne ke yin ɗorawa yayin da na sama ke lafiya, a nemi dalili a wajen taki ko ban-ruwa, wannan ba aikin fitila ba ne.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗora bayan hannu daidai kan ganyen sama na tsawon rabin minti. Idan hannu ya ji ba daɗi, ganye ma haka. Ana rataye yawancin farantan LED ne tsakanin santimita 30 zuwa 60 daga kan shuka, dogayen fitilun nan masu kama da sanda kuma sukan matso har santimita 10 zuwa 15. Ma'aunin zafi kuwa a rataye shi daidai tsayin ganye, a yi masa 'yar inuwa da kwali. Wanda aka manna a bango can gefe labarin bangon yake bayarwa.

Darasi daga sararin samaniya

Mutane da yawa suna ganin da sun kunna fanka a ɗaki sun gama. Aikin iska a lambun cikin ɗaki kashi biyu ne, kuma fanka ɗaya ba ta yin duka biyun.

Na farko shi ne motsa iskar da ke kewaye da ganye. Idan iska ta tsaya cik, wani siririn lulluɓi na tururi yana taruwa a fuskar ganye ya hana shi numfashi. Babu inda aka ga wannan ƙarara kamar a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. A can, da yake babu nauyi, iska mai ɗumi ba ta tashi sama da kanta kamar yadda take yi a doron ƙasa, sai an tura ta da fanka.

Hukumar NASA ta Amurka ta kai wani ƙaramin akwatin noma mai fitilun LED tashar a 2014, kuma a watan Agustan 2015 'yan sama jannati suka ci jan latas ɗin da suka noma a ciki. A ƙarshen shekarar suka shuka wani fure mai suna ziniya. Danshi ya yi yawa a akwatin, iska ba ta zagayawa yadda ya kamata, ruwa ya fara tsattsafowa ta bakin ganye, ganyen ya lanƙwashe, daga bisani fumfuna ta kama. Sai da aka ƙure gudun fankar akwatin, aka yanke sassan da suka kamu, ɗan sama jannati Scott Kelly ya karɓi kula da shukar da kansa. Biyu daga cikinsu sun mutu, sauran suka farfaɗo har suka yi fure a watan Janairun 2016.

Wani abin sha'awa a labarin shi ne bayan an ƙure fankar, sai shukar ta koma bushewa, aka dawo ana neman ƙara mata ruwa kafin ranar da aka tsara. Haka abin yake a ɗaki ma. Iskar da ake so ita ce wadda za ta sa ganye ya riƙa ɗan rausayawa. Idan yana kaɗawa kamar tuta, ta yi yawa. A juya fankar ta bugi bango iskar ta dawo, ko a sa mai jujjuya kai.

Wannan 'yar iskar tana da wasu amfanoni biyu. Dashen da iska ke girgizawa karansa ya fi kauri, ya fi jure ranar da za a fitar da shi gona. Sannan tana rage wata cuta da ta addabi masu noman latas a ƙarƙashin fitila, wato ƙonewar bakin ƙananan ganyen tsakiya. Sinadarin kalsiyam yana tafiya ne a cikin ruwan da ganye ke zuƙowa. Ganyen da ke ƙunshe a tsakiya, inda iska ba ta kaiwa, ba ya fitar da tururi, saboda haka ba ya zuƙo ruwa, kalsiyam ba ya isa gare shi. Mai lambu sai ya yi ta ƙara taki abin bai gyaru ba, alhali ƙaramar fanka da ke hura iska daga sama zuwa tsakiyar latas ɗin ita ce maganin da manyan gonakin cikin gini ke amfani da shi.

Aiki na biyu shi ne fitar da tsohuwar iska waje da shigo da sabuwa. Fankar silin ko ta tsaye ba ta yin wannan. Juya zafin kawai take yi, har ma injinta ya ƙara nasa a kai. Ga kuma batun iskar kabon: a waje akwai kimanin ɗigo 420 cikin miliyan, kuma tanti cike da ganye a rufe kan shanye kaso mai yawa cikin 'yan awoyi.

Girman fankar da ake buƙata

Ga lissafi mai sauƙi da ya fito daga yawan zafin da iska ke iya ɗauka. A ninka wat ɗin fitila sau uku, a raba da yawan digirin da aka yarda cikin tanti ya fi iskar da ke shigowa. Amsar ita ce kubik mita nawa na iska fanka za ta fitar a awa guda.

Misali, fitila mai wat 200. Sau uku 600 ke nan. Idan an yarda cikin tanti ya fi ɗaki zafi da digiri uku, fanka mai fitar da kubik mita 200 a awa ake nema. Idan digiri biyu kawai za a lamunta, sai mai 300. Wasu kwalayen da ma'aunin Amurka na CFM suke rubutawa, a ninka wannan lamba da 1.7 a samu kubik mita.

Lambar da ke kwali ta fanka ce a fili babu abin da ya tare ta. Da zarar an jona mata dogon bututu, ko bututun ya yi gwiwa, ko an sa raga a gaba, ƙarfinta ya ragu sosai. Gara a sayi wadda ta ɗara lissafi, a kuma gajarta bututun a miƙe shi.

Ga mai ƙaramar kanta da fitilar da ba ta wuce wat 40 zuwa 60 ba, fankar kwamfuta mai faɗin santimita 12 guda ɗaya ko biyu ta wadatar. Da batir mai bolt 12 take aiki, kuma wutar da take sha ba ta taka kara ta karya ba.

Wurin sakawa ma yana da muhimmanci. Iska mai zafi sama take taruwa, zafin LED kuma ta bayanta yake fita, don haka fankar zuƙewa a can ƙololuwa za ta zauna, sama da fitila. Ƙofar shigowar iska a ƙasa, a ɓangaren da ke fuskantar ta, kuma faɗinta ya ninka na mafitar sau biyu ko uku. Idan jikin tanti ya ɗan lotsa ciki kaɗan, komai daidai ne. Idan ya tsuke sosai, mashigar ta yi ƙanƙanta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuƙe iska daga tanti a zuba ta a cikin ɗakin da tantin yake, ɗakin kuma a rufe. Cikin awa biyu ɗakin ya ɗumama, tantin ya koma shaƙar abin da ya amayar. Bututun ya kai taga ya fita waje.

Akwai kuma wata dabara da ba ta cin ko sisi. Fitilu da dama suna da wani akwati da ke daidaita musu wuta, wanda masu gyara ke kira direba, kuma shi kansa yana fitar da zafi. Idan ana iya kwance shi, a ajiye shi wajen tanti. An rage wa shuka zafi, an kuma ƙara wa akwatin kwana, domin zafi ne kan fara kashe shi tun kafin ƙwayoyin fitilar su gaji da awa 50,000 ɗin da ake musu alƙawari.

Inda fanka ke sallamawa

Duk wannan lissafin yana da iyaka guda: fanka ba ta iya sanyaya wuri ƙasa da zafin iskar da take shigowa da ita. Idan da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu ɗaki yana digiri 38, mafi kyawun fanka a duniya 38 za ta kawo, fitila ta ɗora nata uku a kai. A nan ne shawarar ƙasashen sanyi ke rushewa.

Mafita ta farko ita ce a juya wa shuka dare ya zama rana. A rufaffen tanti ba ta san ko ƙarfe nawa ba ne. A kunna fitila da ƙarfe bakwai na yamma a kashe da tara na safe, awa 14 ke nan, wanda ya ishi yawancin ganye. Da tsakar rana, lokacin da gari ya fi ƙuna, fitila tana kashe. A Kano ko a tsakiyar bazara zafin waje kan sauko wajen digiri 24 zuwa 26 gab da asuba. Sai dai ɗakin siminti mai rufin kwano yana riƙe zafin yini har tsakar dare, saboda haka iskar da za a shigo da ita ta fito daga waje ko daga tsakar gida. Kuma kada a ce za a bar fitila awa 24 don a yi sauri. Shuka tana buƙatar duhu, tumatir ma ganyensa ɗorawa yake yi idan aka hana shi dare.

Zaɓen ɗaki shi ma rabin aiki ne. Hawan ƙasa ya fi na sama, ɗaki mai silin ya fi mai kwano tsirara, wanda bangonsa ke kallon yamma kuwa shi ne mafi muni, don yana shan ranar la'asar.

Mafita ta biyu tsohuwar hikimar randa ce. Lita ɗaya ta ruwa idan ta zama tururi tana tafiya da zafin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na yunit ɗin wuta. Fitila mai wat 200 a awa 14 tana cin yunit 2.8, wanda bushewar kimanin lita huɗu ta ruwa za ta iya kwashewa. Da wannan ka'ida Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa fasahar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan gwari, aikin da ya ba shi kyautar Rolex a 2000.

A lambun cikin ɗaki, jiƙaƙƙen buhun algarara a rataye a bakin mashigar iska, ko irin na'urar nan mai fanka da tankin ruwa, na iya sauke zafin iskar da ke shigowa da digiri da dama, har takwas ko goma idan na'urar mai kyau ce kuma iska ta bushe ƙarau kamar ta watan Maris. Riba biyu ce, domin a hunturu da farkon bazara danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ganye kuwa ya fi son tsakanin 50 zuwa 70.

Da damina ta sauka labari ya sha bamban. Iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, jiƙaƙƙen buhu ba zai sanyaya komai ba, sai dai ya gayyato fumfuna da cutar nan da ke ruɓar da gindin ƙananan dashe su zube dare ɗaya. A watan Agusta a cire buhun, a rage ban-ruwa, a ba tukwane tazara. Fankar zuƙewa kuma kada a kashe ta tare da fitila, domin da haske ya ɗauke wuri yana yin sanyi, tururin da ke iska ya sauka a kan ganye ya zama raɓa.

A kowane lokaci na shekara mashigar iska tana buƙatar raga. A hunturu ƙura ce ke toshe ƙofofin ganye ta kuma lulluɓe farantin fitila ya kasa fitar da zafi, don haka a riƙa goge shi duk mako bayan an cire soket. Sauran lokuta kuma kwari ne. Tsutsar tumatir da manoman Kano ke kira Sharon, wadda ɓarnarta ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a 2016, daga wani ƙaramin malam-buɗe-littafi mai yawon dare take fitowa. Wanda ya shigo da rainon irinsa ɗaki don ya tsere mata, sannan ya bar mashigar iska a buɗe, bai yi komai ba.

Kuɗin wuta

Na'urar sanyaya ɗaki ita ce ke warware matsalar zafi gaba ɗaya, amma ita ce kuma ke cinye ribar.

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A zuwa Naira 225 kowane yunit, daga baya ya tsaya a Naira 209.5 a watan Yuli na shekarar. A wannan farashi, fitila mai wat 200 da ke aiki awa 14 kullum tana cin yunit 84 a wata, kusan Naira 17,600. Fankoki masu shan wat 30 dare da rana su ƙara wajen Naira 4,500. Sama da Naira 22,000 ke nan a wata saboda fili mai faɗin mita ɗaya.

Idan aka kawo na'urar sanyi, kwashe zafin fitilar kaɗai zai ci kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da fitilar ta sha. Amma ba da fitila kaɗai za ta yi kokawa ba, har da zafin da ke ratsowa ta rufi da bango, kuma a bazara wannan ya fi na fitilar nesa ba kusa ba.

Manyan kamfanoni masu jarin miliyoyin daloli ma wannan lissafi ya ba su wuya. Kamfanin Infarm na Jamus ya sallami fiye da rabin ma'aikatansa a ƙarshen 2022, yana kuka da tsadar makamashi. AeroFarms na Amurka ya garzaya kotu neman kariyar fatara a watan Yunin 2023.

A ganina, duk mai tsakar gida ko baranda ko rufin dakali a arewacin Najeriya ko Nijar, inda rana ke fitowa kyauta kusan kullum, ragar inuwa ta fi masa fitila. Fitila tana biyan kanta ne a wurare ƙalilan: rainon iri mai tsada na mako uku zuwa huɗu kafin a kai shi gona, ƙananan ganyen da otal-otal ke saye da daraja, ko gidan da babu inda rana ke leƙowa. A irin wannan hali ma, wat 40 zuwa 100 ya ishi kanta guda ta dashe, kuma rage ƙarfin fitila shi ne hanya mafi arha ta rage zafi. Latas a bari sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai fa wanda ke zaune a Jos ko tsaunin Mambila.

Idan an ɗauke wuta

Ɗaukewar wuta ita kaɗai ba ta kashe shuka, kwana ɗaya ko biyu babu haske ba wani abu ba ne. Haɗarin yana wajen da fitila ke ci fanka kuma ta tsaya. Hakan na faruwa idan an jona fitila a layin inbata ko janareta, fanka kuma tana layin wutar gari. A haɗa su a layi ɗaya. Idan batir ba zai ɗauki duka biyun ba, fanka ce za ta samu, fitila ta jira.

Mai sola yana da nasa ciwon kai. Wutarsa da rana take samuwa, shi kuma da dare yake son kunna fitila, wanda ke nufin yunit 2.8 ɗin nan daga batir zai fito. Wasu kan fara tun ƙarfe huɗu na asuba su kashe da sha ɗaya na safe, sannan su sake kunnawa bayan la'asar. Yawancin ganyen miya da latas suna jure wannan rabon.

Hayaƙin janareta kada ya kusanci mashigar iska. Ban da haɗarinsa ga ran mutanen gida, hayaƙin injin da na risho ko murhun gas da ba ya ci da kyau yana ɗauke da wata iska da ke sa ganyen tumatir ya sunkuya ƙasa kamar mai jin ƙishi alhali ƙasarsa a jiƙe take.

Sai batun gobara. Lambun cikin ɗaki wuri ne da ruwa da lantarki ke kwana tare, kuma ana barinsa a kunne mutane na barci. Soket da duk mahaɗin waya a ɗaga su sama da tsayin tukwane, a ɗaure a bango. Kada a jera fitila da fanka da na'urar ruwa a kan siririyar wayar jone ɗaya ta bakin titi. A bar tazarar aƙalla tafin hannu tsakanin bayan fitila da rufin tanti ko katako. Na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta a duba yawan wat ɗin da aka rubuta tana ɗauka. Bayan awa ɗaya da kunnawa a taɓa filogi da bayan hannu, idan ya yi zafi, a kashe a kira mai gyaran wuta kafin a sake jonawa.